Kayan Hoto Nawa Ya Kamata Mai Tafiya Hutu Ya Ɗauka?

A wannan mako wasiƙa ce ta zo mini daga wani ma'aikaci mazaunin Sabo ta Ibadan. Ya ce hutunsa na shekara ya gabato, yana nufin ya kai iyalinsa Yankari su kwana uku, daga can su zarce gida su yi Sallah. Cikin 'yan shekarun nan ya tara kyamara biyu, da gilasan kyamara huɗu, da fitilar hoto, da ƙafa-uku, wato sandunan nan da ake ɗora kyamara a kai, har da ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama. To, ga shi ya shimfiɗa su a kan gado, ya rasa na ɗauka da na bari. In ya rage, yana tsoron ya yi kiciɓis da giwa ba shi da abin jawo ta kusa. In ya kwashe duka, uwargida ta riga ta ce ba ta ga inda kayan yara za su shiga ba. Ya roƙe ni in raba musu gardama.

Malam, kwantar da hankalinka, wannan ciwo ba a kanka aka fara shi ba. A wajejen 1877 akwai wani saurayi akawun banki a garin Rochester ta ƙasar Amurka, sunansa George Eastman, wanda ya yi niyyar tafiya hutu Santo Domingo. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya ɗauko hotunan abin da zai gani, sai ya je ya sayi kayan hoto irin na zamanin. A lokacin nan a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoto, kuma tilas a shafa masa magani, a ɗauka, a wanke, duk kafin ya bushe. Saboda haka mai hoto sai ya tafi da kyamara kamar akwati, da ƙafa-uku mai nauyi, da tanti don ya sami duhu, da kwalaben magani, da farantan gilashi, da tulun ruwa. Shi kansa daga baya ya kwatanta kayan da lodin doki guda. Ƙarshenta tafiyar ba ta yiwu ba. Amma takaicin nauyin nan bai sake shi ba, ya yi ta gwaje-gwaje da dare a ɗakin girkin mahaifiyarsa, har a 1888 ya fito da 'yar kyamarar da ya sa wa suna Kodak, wadda ake sayarwa dala 25 da fim na hoto 100 a cikinta.

Haka kuma a garin Wetzlar ta ƙasar Jamus an yi wani injiniya mai suna Oskar Barnack, mai son yawon duwatsu, amma ciwon asma ba ya barinsa ya ɗauki manyan kayan hoto. Wajen 1914 ya ƙera wata 'yar kyamara mai aiki da fim ɗin silima, wadda ke shiga aljihun kwat. Ita ce ta fito kasuwa a 1925 da sunan Leica. Da irinta Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya zaga duniya, ya ɗauki jana'izar Gandhi a Indiya a 1948, kuma galibin aikinsa da gilashi guda ya yi shi, mai milimita 50. Ka ga ke nan mutanen farko sun ƙare ƙarfinsu wajen sauke mana kaya daga ka, mu kuwa da muka sami sauƙi sai muka koma muna haɗa wa kanmu lodin doki da kuɗinmu.

Ba na faɗin wannan don in nuna na fi kowa wayo, domin ni ma jiki ne ya gaya mini. Wata shekara na ɗauki maiɗakina da yara muka tashi daga Ikko muka nufi dutsen Idanre, kusa da Akure ta Jihar Ondo, inda tsohon gari da tsohuwar fadar sarkinsu suke can bisa. Matakalar hawa ta haura 600. Kafin mu fito na auna jakata, kilo 11 cif, na ce ai ba kome. Ba mu kai wurin hutawa na biyu ba rigata ta jiƙe sharkaf, maɗaurin jaka yana yanka mini kafaɗa, ita kuwa baiwar Allah tana goye da ƙaramin, ga gorar ruwa a hannu, ba ni da halin in karɓa mata ko ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Malam, mu ka kawo yawo ko jakar nan?" Na yi dariyar yaƙe na wuce.

Da muka kai ƙarshen matakala, 'yata mai shekara biyar, wadda ta hau da ƙafarta ba wanda ya ɗauke ta, ta juyo ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Baba, na iso!" A daidai lokacin dogon gilashi ne a kan kyamarata, wanda na ɗaura don hango rufin gari daga nesa, ita kuwa tana taku uku daga gabana. Kafin in tsuguna in zuge jaka in kwance wannan in ɗaura wancan, ta sauke hannu ta ruga bin ƙadangare. Uwarta ce ta kama ta da wayar hannu. Yau wannan hoton ne a bangon falonmu. Na dawo da hotuna ɗaruruwa, da na zauna na duba sai na tarar kusan dukansu da gilashi ɗaya na ɗauke su. Sauran sun je Idanre ne kawai sun sha iska a bayana.

Tun daga ranar, kafin in taɓa jaka nakan tambayi kaina tambaya guda: tafiyar nan don hoto za a yi ta, ko kuwa tafiya ce da za a ɗauki hoto a cikinta? Amsar wannan ita ke yanke sauran. Wanda ya fita shi kaɗai don neman hoto, ya yi asubanci ya zauna jiran haske, wannan ya ɗauki abin da wuyansa zai iya, ba mai ganin laifinsa. Ansel Adams ya hau duwatsun Yosemite a 1927 da babbar kyamara da farantan gilashi a baya, ya sauko da hoton dutsen Half Dome wanda har yau ake sha'awarsa, amma shi abin da ya kai shi ke nan. Kai kuwa, Malam, da iyali za ka, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Duk mintin da ka ɓata kana sauya gilashi, mutum huɗu ne tsaye a rana suna jiranka.

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da kake bukata ita ce ka koma ga hotunan tafiyarka ta baya. Kowane hoton kyamarar zamani yana ɗauke da bayanin gilashin da aka ɗauke shi da shi, da milimitarsa, kwamfuta za ta nuna maka. Ka ware guda 30 da ka fi so, ka duba da me ka ɗauke su. Abin da bai fito cikin wannan lissafi ba, ya zauna gida ya yi gadi.

Ga shawarata game da tafiyarka. Ka ɗauki kyamara ɗaya, wayarka ita ce ta biyu in wani abu ya faru. Ka ɗaura mata gilashin yau da kullum, mai buɗewa da jawowa kaɗan, shi zai yi maka hoton yara a ruwan Wikki, da na hanya, da na gaisuwar Sallah. Saboda Yankari kaɗai na yarda ka ƙara dogon gilashi guda, domin giwa da ɓauna ba a matsa musu. Amma a nan ma daidai ruwa daidai tsaki. Babban nan na masu sana'a mai milimita 70 zuwa 200 yakan kai kilo ɗaya da rabi, alhali mai 70 zuwa 300 na talakawa bai fi rabin haka ba, kuma ya fi shi hango nesa. A hasken ranar Bauchi da wuya ka ga bambancinsu a hoton da za ka manna a bango. Ƙafa-uku kuwa ba ta da amfani a cikin motar zaga daji. Ka ƙulla wake mudu guda a ɗan buhu ka ɗora a bakin taga ka kwantar da gilashi a kai, in an gama a dafa waken. Fitilar hoto ma ka bar ta.

Ƙananan abubuwa ne mutane suke mantawa, su ne kuwa suke ɓata tafiya. Ka riƙe batir biyu na ko-ta-kwana da cajarsu, don ba ko'ina za ka sami wuta lokacin da kake so ba. Katin ajiye hotuna gara matsakaita uku da babba guda, in ɗaya ya lalace ba duka ka rasa ba. Ka sa ɗan famfon hura ƙura da ƙyalle mai laushi da leda mai kauri. In tafiyarka ta faɗo cikin hunturu, ko za ka kalli hawan Sallah inda dawakai ke ta da ƙura, kada ka kwance gilashi a fili, domin ƙurar da ta shiga cikin kyamara za ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Ka shiga mota ko ɗaki tukuna. A Yankari kuma ka kula da gwaggon biri, ba ya bambanta jakar burodi da jakar kyamara.

In ta jirgin sama za ka, akwai ƙa'idodin da ya kamata ka sani. Batiran lithium da ba sa cikin na'ura ba a yarda a sa su cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba, sai a jakar hannu, saboda hatsarin gobara, kuma wanda ya wuce awon wat 100 sai da izinin kamfanin jirgin. Batiran kyamara na yau da kullum ba su kusa da wannan iyaka. Jakar hannu kuwa kamfanoni da yawa kilo 7 ko kusa da haka suke yarda da shi, wanda ya zarce ana iya karɓar jakarsa a jefa ta cikin manyan kaya, inda ake wurgi da akwatuna. Masu aiki da fim har yanzu su roƙi a duba musu shi da hannu, don sababbin na'urorin binciken kaya suna ɓata shi. Ɗan jirgin nan naka kuwa ka mayar da shi kwalinsa. A Nijeriya tashinsa yana bukatar izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a wasu ƙasashe kamar Maroko tun a kwastan ake riƙe shi.

Akwai wani nauyin kuma da sikeli ba ya aunawa. Hausawa sun ce mai kaya ke tsoron fashi. Wanda ya rataya dukiyar albashin shekara a wuya ba zai shiga ruwa da yaransa ba, ba zai yi gyangyaɗi a tasha ba, ko alwala zai yi ido ɗaya yana kan jaka. Sa'an nan babbar kyamara tana sauya fuskar mutane. Ka nufi tsohuwa mai sayar da daddawa da dogon gilashi kamar bakin igwa, sai ta ja mayafi ko ta ɗaure fuska. Ka zo da ƙarama, ka yi sallama, ku gaisa, ka nemi izini, sai ka sami dariyarta. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya ɗauki hotunan kitson matan Nijeriya kusan 1,000 daga 1968, da 'yar akwatin Brownie ya fara a 1950. Idonsa da ladabinsa ne suka kai shi inda ya kai.

Na san abin da za ka ce: to, in na gamu da abin da na bar maganinsa a gida fa? Za ka gamu da shi, babu shakka. Wata rana tsuntsu zai sauka nesa, ko wata ya fito bisa dutse ka ce da ma ƙafa-uku tana nan. Sai ka sauke kyamara ka kalla da idon da Allah ya ba ka, ka nuna wa yara su ma su gani. Wanda ya kwashi kome da kome shi ma yana rasa hotuna, nawa na Idanre shaida ne, illa dai shi yana rasa su da ciwon baya.

Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kwana uku kafin ku tashi ka shirya jakar yadda za ka tafi da ita, ka rataya, ka riƙe hannun ƙaramin ɗanka, ku taka daga Sabo zuwa Dugbe ku dawo. In ka dawo kana neman wanda zai danna maka kafaɗa, ka buɗe ta ka rage.

Saboda haka ga hukuncina: uwargida ta ci gardama, sai dai ta yi haƙuri ta bar maka gurbin dogon gilashi guda da mudun wake. Ka kuma riƙa miƙa mata kyamarar lokaci lokaci, don kada yara su girma su duba hotunan Yankari su tambaya ko Baba bai je ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.