Kafin a Ja Ka, Duba Inda Aka Ɗaura Igiya



Da zarar an sha ruwa an yi Sallah, samarinmu na Nima da Maamobi sukan ɗauki shatar mota zuwa Ada Foah, inda kogin Volta ya faɗa teku. A can ne ake hawa wani tulun roba da aka hura wa iska, ƙaramin jirgi mai inji yana jan mutum a guje. Ba mu ce kada a yi nishaɗi ba. Amma mu nawa ne muke duba inda aka ɗaura igiyar nan?

To, ga abin lura. A bayan jirgi akwai zobba biyu na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda aka huda jikin jirgin aka ɗaure su da noti ta ciki. Nan ne mazaunin igiya. Idan injin yana rataye a tsakiya, sai a haɗa zobban da gajeriyar igiya, a ɗaura doguwar a tsakiyarta, domin nauyi ya rabu biyu, kuma igiya ta nisanci farfela.

Kada mu yarda a ɗaura ta a ƙarfen da fasinja ke dafawa, ko a jikin kujera, ko a inji, ko a ɗan ƙahon da ake ɗaure jirgi da shi a gaɓa. Dogon ƙarfen da ke tsaye a wasu jirage ma ba na jan tulun roba ba ne, domin in tulun ya kifa kai cikin ruwa, nauyinsa ninkuwa yake yi nan take. Igiyar leda kuwa tana miƙewa kamar danƙo. In ƙarfe ya ɓalle, komawa zai yi da ƙarfi kan wanda ake ja.

Tun 2002 aka yi dokar kafa Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Ghana, amma ba jami'inta ne zai duba maka noti ba. Girgiza zoben da hannunka. In yana motsi, ko ya yi tsatsa, ko gefensa ya tsage, haƙura. Sa rigar ceto, a sami wanda zai zuba maka ido ban da direba, a kuma kashe inji kafin ka matso jirgi.

Iyaye, a karanta wa yara. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.