Dogon mutum da kan babur: ɗan gyaran da ke rage ciwon baya

Yau maganar ta magidanta ce masu hawa babur, musamman waɗanda Allah Ya yi wa tsawo, ko kai ɗan acaba ne a Agege ko Sabon Ibadan ko Mararaba, ko kuwa ma'aikaci ne da babur ke kai ka ofis ya dawo da kai. Uwargida, ke ma kada ki wuce shafin, don ke ce ake tasa da dare a ce ki danna baya.

Baburan da suka cika titunanmu, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue, girma ɗaya ake ƙera kowane samfuri, kuma da matsakaicin mutum aka auna shi. Idan tsawonka ya kai ƙafa 6, wato kusan santimita 183, da ka zauna za ka ga gwiwoyinka sun taso, kan babur ɗin kuma, wato ƙarfen da kake riƙewa, ya yi maka ƙasa. Dole ka ranƙwafa. Kana ranƙwafawa bayanka ya lanƙwashe, nauyin ƙirjinka ya sauka a wuyan hannu, sannan ka ɗaga haɓa domin ka ga titi. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5, kuma naman dokin wuya ne ke tallafe da shi duk tsawon yinin. Wannan ya sa da yamma ƙeya take ɗaurewa, tsakanin kafaɗu yana zafi kamar an zuba barkono.

Hannu ma yana da nasa ƙorafin. Akwai jijiyar da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya. Wata kuma tana bi ta gefe zuwa ƙaramin yatsa. Idan ka jingina nauyinka a kansu awa bayan awa, ga girgizar inji, sai yatsu su riƙa mutuwa ko ka ji kamar ana tsira maka allura. Yatsun nan kuwa su ne ke kama birki.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin. Kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka zauna inda ya kamata ka zauna, ka miƙe baya ka ɗan karkato gaba kaɗan, ka saki kafaɗu, ka rufe ido, ka miƙa hannu kamar za ka kama kan, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Buɗe ido. Tazarar da ke tsakanin inda hannunka ya tsaya da inda kan yake, ita ce gyaran da kake bukata. Mutane da yawa za su ga ba ta wuce inci ɗaya ko biyu ba.

Sau da yawa ma ba sai an sayi komai ba. Bakanike zai sassauta notunan da ke riƙe da kan, ya ɗan juya shi sama ko baya, ya ɗaure. Ya kuma juya hannun birki da na kuloci yadda yatsunka za su sauka a kansu ba tare da ka karya wuyan hannu ba. Idan hakan bai isa ba, akwai ɗan ƙarfen ɗagawa da ake sakawa tsakanin kan da mazauninsa, ko kuma a sayi wani kan da ya fi na asali tudu. Kaurin kan yawancin ƙananan babura milimita 22 ne, don haka ka tabbata wanda za ka saya ya yi daidai da mazaunin. Masu roba-roba sai haƙuri, nasu kan a lulluɓe yake da roba haɗe da fitila, sauya shi aiki ne babba.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne batun wayoyi. Wayar totur da ta kuloci da ta birkin gaba, duk da tsawon kan asali aka yanka su. Ƙarin inci ɗaya yawanci suna ɗauka, fiye da haka sai an sauya su da dogaye. Bayan an gama aiki kada ka hau tukuna. Tayar da inji, ka bar shi yana aiki a tsaye, ka juya kan har ƙarshe dama, ka juya har ƙarshe hagu. Idan ka ji ƙarar inji ta ƙaru da kanta, wayar totur ta ɗame, kuma wata rana a tsakiyar kwana babur zai fizge da kai da fasinjanka. Tura shi kuma ka ji ko birkin gaba yana kamawa da kansa idan an juya. Duba ko babban yatsanka yana matsewa a jikin tanki. Bakaniken da ya ce maka “zai saki da kansa”, kada ka yarda.

Haka kuma kada ka bari a yanka kan a yi masa ƙari da walda. Na san ya fi araha, amma wurin waldar nan ne girgiza za ta yi ta ci a hankali, kuma ranar da zai karye ba zai yi sallama ba.

Tsawon ma yana da iyaka. Irin dogon kan da ake gani a finafinan Amurka, hannu sama da kafaɗa, ado ne kawai. Hannu yana saurin gajiya, nauyi yana raguwa a tayar gaba, juya babur cikin cunkoso ya zama wahala. Kuma idan ka zauna ƙiƙam ko ka kwanta baya, duk ramin da ka faɗa ƙugunka ne zai sha dukan kai tsaye. Hannu ya tsaya ƙasa da kafaɗa, shi ke nan.

Akwai kuma abin da sabon kai ba zai gyara ba. Ɗan acaban da ke matsawa ya hau tanki domin ya ɗauki mutum biyu ko buhun shinkafa, ya riga ya ɓata duk wani awo. Idan kuma ka ƙara wa kushin soso domin gwiwa ta sarara, ka tuna kan ya ƙara yi maka ƙasa, sai a sake gwajin. Duk bayan awa ɗaya ko makamancin haka ka sauka ka miƙe, ka taka 'yan taku, ka yarfe hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake danne wannan ciwo da ƙwaya kullum. Diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha ba da shawarar likita ba, suna iya jawo gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Tramadol kuwa kama mutum yake yi, ga shi yana dusashe hankalin mai tuƙi.

Idan ciwon yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ko hannu ya fara rauni har abu yana suɓuce maka, ko mutuwar yatsu tana tashinka daga barci, maganar ta wuce bakanike, ka ga likita. Akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Igbobi da ke Legas da Dala a Kano da kuma Inugu, manyan asibitoci kuma suna da sashen gashin ƙashi. Wanda kuwa ciwon baya ya zo masa da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ya daina jin tsakanin cinyoyinsa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.