Kufan Talaka Ma Tarihi Ne

Wanda ya bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo da rani, bayan an kawar da amfanin gona, zai riƙa hango kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar fili, babu gida ko ɗaya kusa. Manoman wurin sun san kufai ne. Da damina garma takan tono musu tsingaro, ko guntun dutsen niƙa, wani lokacin bakin tsohuwar rijiya da ta cike. Sai su ture gefe su ci gaba da huɗa.

Ƙaraye tana da suna a tarihi. Ita ce garkuwar Kano ta yamma zamanin yaƙe-yaƙe da Katsina, kuma tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a can Sarki Muhammadu Zaki ya rasu, wajen 1618. Sai dai kundin sarakai da barade ya lissafa. Wanda ya noma dawar da rundunar ta ci, da matar da ta niƙa ta, ba a ambace su ba. Kufan nan su ne kaɗai shaidar da suka bari.

Abin da ya sa nake jin ciwon wannan shi ne yadda wasu suka riƙe nasu. A arewacin Sikotland, masu ƙasa sun tashi ƙananan manoma daga kwaruruka don su zuba tumaki, suka tura su bakin teku, kan guntayen gonakin haya da ba sa ciyar da gida. Ƙauyen Rosal, a kwarin Strathnaver, an tashe shi a 1814. A 1962 masanin tono tarihi Horace Fairhurst ya yi aiki a kufan. Aka fito da harsashin dogayen gidaje, mutane a gefe guda, shanu a ɗaya gefen, murhu a tsakar ɗaki, ga wuraren busar da hatsi. Babu fada, babu zinariya, gidajen talakawa ne zalla. Amma an auna su, an zana taswirarsu, yau jikokin waɗanda aka kora sukan zo daga Kanada su tsaya inda kakanninsu suka kwana.

Su dutse ya taimake su. Mu da tubali da jinka muka yi gini, damina kaɗan ta ishe su komawa ƙasa. Abin da kan saura shi ne duwatsun da aka ɗora rumbu a kai, da ramukan karofi, da kukar. Sauran labarin, wane ne ya sari garin, me ya tashe shi, fari ne ko hari ko annoba, yana bakin tsofaffi.

Kuma muna da kufai sabbi fil. Da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, ruwa ya shanye gonaki da ƙauyuka, aka sake wa mutane matsuguni. Madatsar ta kawo kifi da noman rani, ba mai musun haka. Amma wanda yake da shekara 30 a lokacin yanzu ya haura 60. Har yau zai iya zana maka a ƙasa inda masallaci yake, da maƙabarta, da gidan sarkin noma. Jikansa ba zai iya ba.

Wannan aiki ba sai an jira kuɗin Abuja ba. Masarautar Ƙaraye, wadda Rogo ke ƙarƙashinta, tana da dagatai da masu unguwanni da suka san kowace gona da mai ita. A umarce su kowa ya kawo sunayen kufan ƙasarsa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero su bi jerin da waya a hannu, su ɗauki muryar dattawa da hoton wurin, a ajiye kwafi a Gidan Makama, wani a fadar Ƙaraye. A kuma roƙi mai gona, in tarakta za ta shiga, ya bari a ɗauki hoton duwatsun rumbun tukuna kafin a kwashe su.