Yadda Japanawa Ke Koya Wa Yara Cin Baƙon Abinci

A kusan kowane gida akwai yaron da in aka ajiye masa abincin da bai saba da shi ba sai ya kau da kai, ya rantse ba ya so, alhali ko ɗanɗanawa bai yi ba. Iyaye da yawa maganin da suka sani shi ne tsawa, wani lokaci har da bulala. Mutanen Japan kuwa suna da wata dabara da ta cancanci a duba ta, kuma tana cikin abincinsu da duniya ta sani da suna sushi.

Mutane da dama sun ɗauka sushi ɗanyen kifi ne. Ba haka ba ne. Asalinsa shinkafa ce mai danƙo da aka dafa, aka yayyafa mata ruwan khal da sukari da gishiri, aka yi mata fifita har ta huce. Abin da ake ɗorawa a kai ko a naɗe a ciki ya danganta ga mai yi. Irin wanda ake dunƙulawa a ɗora yankan kifi a kai ya yaɗu ne a birnin Edo, watau Tokyo ta yau, wajen shekarun 1820, kuma akan jingina shi ga wani mai sayar da abinci, Hanaya Yohei. Wannan aikin gwanaye ne, sai an shekara da shekaru ana koyo.

Na gida, wanda suke kira temaki, shi ne abin lura. Uwargida ba ta haɗa kome. Takan jera shinkafar a akushi, gefe guda ga nori, watau busasshiyar ciyawar teku da aka yi falle-falle kamar takarda, sannan ga kokwamba da soyayyen ƙwai da kifi an yayyanka sirara. Kowa, babba da yaro, sai ya ɗauki falle, ya shafa shinkafa, ya zaɓi abin da ransa ya so, ya naɗe da hannunsa. Naɗin yaro kan fito a karkace, shinkafa na zuba ta ƙasa, amma nasa ne, ba ya yarda ya bar wa kowa. Ta nan kokwambar da ya ƙi jiya takan shige ciki ba da rigima ba.

Masana sun gwada wannan. A 2014 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan kan yara 47 'yan shekara 6 zuwa 10, inda aka ga waɗanda suka sa hannu wajen girki sun ci ganye fiye da waɗanda aka girka aka miƙa musu. Tun farkon shekarun 1980 kuma Leann Birch ta Amurka ta nuna cewa ƙaramin yaro sai an yi ta maimaita masa sabon abinci kafin ya karɓa. Hukumar Japan ma ba ta bar abin ga iyaye kaɗai ba, domin a 2005 ta kafa doka kan ilmin cin abinci, wanda suke kira shokuiku.

Mai son gwadawa a nan ba sai ya sayi kayan tsada ba. Shinkafar tuwo tana da danƙon da zai wadatar, kuma yaron da ya ga ana mulmula fura ba zai sha wuyar dunƙula ta ba. Nori ne mai wuyar samu in ba a manyan kantunan birane ba, amma ƙwai da aka soya fale-fale yana iya naɗe shinkafa.

Sai dai a yi hattara. Kada a ba ƙananan yara ɗanyen kifi, balle na kogi ko na tafki, saboda tsutsotsin da yake ɗauke da su. Dafaffe ko na gwangwani ya isa. A wanke musu hannu da sabulu kafin su fara, kuma a cinye nan take, don dafaffiyar shinkafa ba ta jimre zafin ƙasarmu.