Ra'ayi: Ka sayi babban babur don tafiya, amma hanyar Tsanyawa ba filin tsere ba ce

Duk mai bin TikTok da Instagram ya san irin bidiyon nan: an ɗaura waya a kan babur, kyamara tana kallon agogon gudu, lamba tana hawa, 140, 170, 200, bishiyoyi suna wucewa kamar an cilla su. A ƙasa kuma masu sharhi suna ta zuba kirari. Da yawan samarinmu daga irin wannan bidiyo suka fara mafarkin mallakar babban babur, wanda ake kira pawa baik.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: babur ɗin da ya haɗa gudu da doguwar tafiya abin mallaka ne mai kyau ga wanda Allah ya hore wa, kuma hanyoyin Arewa sun dace da rabin aikinsa, wato tafiya. Ɗaya rabin, gudun tsere, ba shi da masauki a nan tukuna. Wanda ya gwada shi a kan hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta ratsa Bichi da Tsanyawa, caca yake yi da ransa da na mutanen da ba su san da zuwansa ba.

Wane irin babur ake magana?

Manyan babura na kan kwalta kusan kashi uku ne. Akwai na tsere zalla, wanda mahayi ke kifewa a kan tanki, awa ɗaya ta isa ta gajiyar da baya da wuyan hannu. Akwai na tafiya zalla irin Honda Gold Wing, mai kujera kamar ta falo, wanda nauyinsa ya haura kilo 350. Sai na tsakiya, wanda ya ɗauki injin na farko ya haɗa da zaman na biyu: gilashin kare iska, kujera mai faɗi, wurin rataya jakunkuna biyu, da babban tanki. Misalansa su ne Kawasaki Ninja 1000SX, Suzuki GSX-S1000GT, Yamaha Tracer 9, da tsofaffi irin Honda VFR800 da Yamaha FJR1300.

Ɗauki Ninja 1000SX. Injinsa sisi 1,043 ne, ƙarfinsa ya kai na doki 140, nauyinsa kilo 235, tankinsa lita 19. Kwatanta da Boxer mai sisi 100 da ke ɗaukar buhun gero zuwa kasuwa a ƙauyukan Tsanyawa, wadda ƙarfinta bai kai doki 10 ba. Bambancin ya wuce ninki goma. Daga tsaye, irin wannan babur yana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu ko ƙasa da haka. Don haka wanda ya ce ya shekara goma yana tuƙa Boxer ko roba-roba, ya san titi, amma bai san wannan injin ba. Murɗa totur ɗin da zai sa Boxer ta yi gurnani, shi zai ɗaga tayar gaban wannan sama.

A wajen tafiya kuwa ba shi da na biyu. Tanki ɗaya ya isa ya kai ka Katsina daga Kano da saura mai yawa. A gudun da doka ta yarda da shi injin ba ya wahala, ba ya kakkarwa, kuma ka sauka Zariya ko Daura ba tare da ciwon ƙugu ba. Wannan shi ne amfanin da nake karewa.

Kwamfuta ce mai taya biyu

Abin da ya sa babur ɗin ya shafi masu bin wannan shafi shi ne, sababbin samfuran cike suke da na'urori. Akwai birkin ABS da ke hana taya ƙamewa idan ka damƙi birki da ƙarfi. Akwai na'urar hana sulɓi, wadda ke kwatanta juyawar tayar gaba da ta baya, ta rage wuta idan ta baya ta fara zamewa. Akwai ƙaramar na'urar auna motsi, 'yar'uwar wadda ke juya allon wayarka idan ka kwantar da ita, tana auna yadda babur ya kwanta a kwana don birki ya san iyakarsa. Akwai na'urar riƙe gudu don hannu ya huta. Allon ma mai launi ne, yana haɗuwa da waya ta Bluetooth: Kawasaki na da manhajar Rideology, Suzuki na amfani da mySPIN.

Duk waɗannan suna ceton rai, ba na musu. Amma a lura da abu guda: aikinsu yana tsakanin taya da kwalta ne. Suna taimaka maka ka ci moriyar riƙon da taya take da shi. Ba sa ƙara riƙon, ba sa share yashi daga kwana, kuma ba su san akuya za ta tsallaka ba. Haɗarin da ke cikin na'ura shi ne ta sa sabon mahayi ya ɗauka ya ƙware, alhali ita ce ke rufa masa asiri.

Lissafin da na'ura ba ta canzawa

A gudun kilomita 100 a awa, kana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. A 160, mita 44. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, hannu ya kai ga birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. Bayan nan sai tazarar birkin kanta, wadda ba ta ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Daga 100 zuwa 160, ta ninka sau biyu da rabi. Ko a kan busasshiyar kwalta mai kyau, mai gudun 160 yana bukatar fiye da tsawon filin ƙwallo kafin ya tsaya.

Yanzu ɗora wannan lissafi a kan hanyar Tsanyawa. Yankin nan ba daji ba ne. Ƙasa ce ta noma mai cike da jama'a, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Da damina amalanken shanu na fitowa daga burtali ba sigina. Da kaka ana shanya amfanin gona a gefen kwalta. Da hunturu hazo yana rage gani, iska tana kwaso yashi ta zuba a titi. Ranar kasuwa kuwa yara masu talla, jakuna, tumaki da masu Boxer ɗauke da mutum uku duk titin nasu ne. Dattijon da zai tsallaka ya saba auna gudun mota da na ƙaramin babur. Idan ya hango fitila ɗaya daga nesa, lissafin Boxer yake yi, ya ga yana da lokaci. Ba shi da shi.

Idan kuma abin ya faru, daga Tsanyawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano tafiyar wajen kilomita 70 ce. Ga mai zubar jini ko wanda ya bugu a ka, wannan nisa ne mai tsada.

Me filin tsere yake da shi?

Filin tsere wuri ne da aka gina don a yi kuskure a tsira. Kowa hanya ɗaya yake bi. An kewaye shi, ba dabba ba mai tafiya a ƙasa. A bakin kowace kwana akwai fili da tsakuwa don wanda ya zame ya gangara ya tsaya, maimakon ya haɗu da bishiya ko gada. Akwai masu tuta da ke sanar da haɗari, ga motar asibiti a tsaye. Ana duba babur da kayan jikin mahayi kafin a bar shi ya shiga. A ƙasashe irin su Ingila da Afirka ta Kudu, mai babur yana biyan kuɗin yini guda, a raba mahaya gwargwadon ƙwarewa, mai koyarwa ya nuna masa inda zai taka birki da inda zai kwanta. Afirka ta Kudu na da filin Kyalami, kuma ƙasar ce ta fitar da Brad Binder, wanda ya ci tseren MotoGP a Brno cikin 2020. Daga ƙananan filaye ya taso, ba daga babban titi ba.

Mai son ya ga abin da titin gari ke yi wa mai gudu, ya duba tseren tsibirin Isle of Man da aka fara a 1907. Ana rufe hanyoyin gaba ɗaya, ƙwararru ne kaɗai ke shiga, ga jirgi mai saukar ungulu na jiran ko-ta-kwana. Duk da haka mahaya sama da 250 sun mutu a kan wannan zagaye mai tsawon kilomita 60, saboda katanga da turakun wuta ba sa matsawa. To ina ga hanyar da ba a rufe ba?

A Najeriya akwai filin tsere a Evbuobanosa ta jihar Edo, amma ga ɗan Kano wannan tafiya ce ta yini guda. Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Kano na da filin sukuwa da filin folo, Katsina ma ta shahara da folo. Iyayenmu sun san doki na son gudu, sai suka ware masa wuri. Ba wanda ke sukuwa a Kasuwar Kurmi.

Kuɗin riƙo ya fi kuɗin saye

Kafin ka sa hannu a aljihu, ka yi lissafin riƙo. Tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, cika tankin lita 19 ba wasa ba ne. Injin kuma na injekta ne, ba ya jure man 'yan bumburutu mai datti ko gauraye. Tayoyinsa masu faɗi ne, suna saurin cinyewa, kuma mai faci na bakin hanya ba ya ajiye irinsu. Cikinsa bai kai santimita 14 daga ƙasa ba, don haka tudun rage gudu da hanyar ƙauye mai yashi abokan gabarsa ne. Idan fitilar gargaɗi ta kama a allo, bakaniken da ya ƙware a kafireta ba zai gane ba sai da na'urar karanta kwamfutar babur. Mafi yawan waɗanda ke shigowa na hannu ne, wasu sun taɓa faɗuwa an gyara jikinsu. Ka tafi da wanda ya sani, a duba ko ƙashin babur ɗin a miƙe yake, a tabbatar ABS na aiki, a ga takardun kwastam.

"Kuɗina ne, raina ne"

Wannan ita ce amsar da aka fi bayarwa. Da ran naka ne kaɗai, da an yi shiru. Kilo 235 da ke gudun 160 ba ya tambayar wanda ya tarar.

Akwai kuma abin da ya shafi duk masu babur. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, dubban 'yan acaɓa suka rasa sana'a a dare ɗaya. A ƙarshen 2025 kuma wasu ƙauyukan Tsanyawa da Shanono da ke iyaka da Katsina sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga masu zuwa a kan babura. A irin wannan yanki, ayarin babura masu ruri da fuskoki a rufe ba burgewa yake yi ba, tsoro yake sawa. Hukuma kuwa idan ta tashi hanawa ba ta tsayawa tantance mai yawon buɗe ido da mai ganganci. Ban goyi bayan hana manyan babura ba, amma mahaya ne za su hana a kai ga haka.

Abin da ya kamata a yi

Ka fara da ƙarami. Shekara ɗaya ko biyu a kan mai sisi 300 zuwa 500 za ta koya maka abin da bidiyo ba zai koya ba. Ka nemi lasisin babur, wato aji A.

Ka ware kuɗin kayan kariya kafin na babur: hular kwano mai rufe haɓa, mai shaidar ECE ko DOT ta gaskiya, jaket mai kariyar baya, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. A 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗura ta fara tilasta sa hula, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a ka. Hular bogi ta kasuwa ba ta fi ƙwaryar nan da yawa ba.

Wayarka ta yi maka aikin tafiya. Sauke taswirar Google Maps tun kana gida saboda wuraren da ba sabis. Kunna wa ɗan'uwanka wurin da kake kai tsaye a WhatsApp, yana kai awa takwas. Ajiye lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗura da 112. Ka kuma sani cewa tun 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗin kakkarwar manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone idan an ɗaura ta a kai. Ka yi tafiyarka da rana, ka rage gudu tun kafin ka shiga gari.

Babban aiki kuma na ƙungiyoyin mahaya ne a Kano, Katsina da Kaduna. Kuɗin da ake kashewa a salansa mai ƙara da ayarin biki, a tara shi a nemi fili. Ba sai an fara da irin Kyalami ba. Shimfiɗaɗɗiyar kwalta da aka kewaye, da izinin hukuma, da motar asibiti, da mai koyarwa, sun isa a fara koyon birki da kwana sau ɗaya a wata. Gwamnatin da ke neman abin da zai shagaltar da matasa ta samu hanya, 'yan kasuwa masu sayar da taya da mai su samu wurin talla.

Mu masu kallo ma muna da namu. Duk bidiyon gudun 200 a kan titin jama'a da ka danna wa so ko ka tura wa abokai, ka biya mai shi ladan da zai sa ya sake. Ka wuce shi kawai. Kafin a samu fili, ka bar rabin ƙarfin injinka a ajiye, ka isa Katsina lafiya, mutanen Tsanyawa su ma su koma gida lafiya.