Wa Ya Cinye Lahadin Akawu?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin iyaye a Toranke da Ajingi da Gaya, amma har yau ba wanda ya baje ta a faifai. Maganar 'ya'yanmu ce waɗanda suka yi boko, suka koyi lissafin kuɗi, suka sami aiki a ofisoshin akantoci a birnin Kano. Da watan Janairu ya kama sai a daina ganinsu. Ba Asabar, ba Lahadi. A yi suna ba su zo ba, a ɗaura aure ba su zo ba, a yi rasuwa sai dai gaisuwa ta waya. In an tambaya, amsar guda ce: lokacin haraji ne, maigida ya hana. Haka za a yi ta tafiya har ƙarshen Yuni, sa'ad da damina ta riga ta sauka, an yi shuka babu hannunsu. Alhali kuwa Kano zuwa Toranke ba tafiyar kwana ba ce. Wanda ya shiga mota da safe, ya biyo ta Wudil da Gaya, a gida zai yi azahar.

Domin wanda bai sani ba, waɗannan ofisoshi ba na gwamnati ba ne. Na masu zaman kansu ne. Ɗan kasuwa ko kamfani shi ke kai musu littattafansa da rasidansa, su kuma su tsara lissafin, su fid da abin da ya kamata a biya, a kai wa Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano ko ta Tarayya. Mai ofishin shi ke sa hannu, shi ke karɓar ladan aikin. Masu sunkuyawa a kan takardu kuwa su ne akawuna, da 'yan koyo, da 'yan bautar ƙasa, da ƙananan akantocin da ba su gama jarrabawarsu ba.

To, mene ne wannan lokacin haraji da ake tsorata mutane da shi? Ranaku ne waɗanda doka ta yanka. Ran 31 ga Janairu duk mai ma'aikata zai miƙa lissafin harajin da ya cire daga albashinsu a shekarar da ta wuce. Ran 31 ga Maris kowane mutum zai miƙa bayanin abin da ya samu. Kamfani kuma yana da wata shida bayan ya rufe littafin shekara, watau wanda ya rufe a Disamba sai 30 ga Yuni. Ban da harajin VAT na saye da sayarwa, wanda ake kai lissafinsa kowane wata kafin ran 21 ta wuce. A 2026 kuma nauyin ya ƙaru ga duk mai wannan sana'a, gama biyu daga cikin sababbin dokokin haraji guda huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki ran 1 ga Janairun 2026, kowa sai ya sake koyon karatu.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi ke nan: ba ɗaya daga cikin ranakun nan da ke zuwa ba sallama. Ba gobara ba ce, ba ambaliya ba ce. Mai ofis ya san 31 ga Maris tun bara, ya san ta tun bara waccan. Ya kuma san yawan mutanen da ya karɓi aikinsu, ya san yawan yaran da ya ɗauka. In mutum ya karɓi aikin mutum goma ya ɗauki mutum huɗu, ba lokaci ne ya matse shi ba, shi ne ya yi lissafinsa tun da fari, ya ga albashin mutum shida zai zauna a aljihunsa in yaran nan huɗu sun ba da Asabar da Lahadinsu kyauta. Akanta ne fa. In akwai wanda ya iya wannan lissafi a duk faɗin Kano, ai shi ne.

Dattawan Toranke ba sai an yi musu bayanin lokacin haraji ba, sun sha shi a jikinsu. A zamanin En'e, da kaka ta yi, an cire gyaɗa an kai sikeli, sai takarda ta fito daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, cewa ga adadin da ake so, ga ranar da ake so. Wanda bai biya ba a shanya shi a rana. Wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya sayar da hatsin da zai ci da bazara, wani ya bar garin da dare sai bayan shekara. Fulani kuma ana binsu da jangali har cikin daji. Jam'iyyar NEPU tun kafuwarta a 1950 take kuka da wannan, ba a kuwa soke haraji da jangali a Jihar Kano ba sai a 1979, sa'ad da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya hau. Amma akwai mutum guda a cikin labarin nan wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne malamin haraji. Talaka yana ganinsa da alƙalami da littafin ƙuri'a sai ya ɗauka shi ne mai mulkin. Ina! Shi ma a matse yake. Shi ne mai kwana gaban fitila yana rubuta ƙuri'u yana ƙirga sulalla, ga hakimi yana jira, ga Baitulmali yana jira, ga Di'o yana jira. In lissafi ya tashi da giɓi, shi da dagaci za a fara kamawa, rawuna nawa suka tafi a kan giɓin haraji? Wanda aka matsa kuwa, in bai sami na sama ba, sai ya huce a kan na ƙasa. Talaka shi ya riƙa biyan kuɗin gajiyar malamin haraji. An soke harajin, an rushe En'e, amma ɗabi'ar nan ta ɗora wa ƙaramin malami nauyin ranar da manya suka yanka, ita ba a soke ta ba. Ta dai tashi daga zauren hakimi ta koma bene mai fanka.

Wani zai ce ai babu doka. Akwai. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka gada tun mulkin Janar Gowon, a sashe na 13 ta ce a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun yini guda, awa 24 cur ba yankewa. In an ci masa wannan hutu, dole a rama masa kafin kwana 14 su wuce, ko kuwa a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Ta kuma ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini, a ba shi hutun da bai kasa awa guda ba. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1957 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniya a kan hutun mako na ma'aikatan kantuna da ofisoshi.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A sashe na 91, inda dokar ta fassara wane ne ma'aikaci, ta sa mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu a ciki, sa'an nan ta fitar da masu aikin shugabanci da masu aikin ƙwarewa. Ta wannan ƙofa ake fita. Yaron da ya fito daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano ko Jami'ar Bayero jiya, aikinsa bai wuce jera rasidai da buga lambobi a kwamfuta ba, sai a laƙaba masa suna ƙwararre. Ran biyan albashi yaro ne mai koyo, ran neman hutu kuwa ƙwararre ne wanda doka ba ta san da shi ba. Haba! A zaɓi ɗaya mana. Ga kuma wata ƙofar: mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka yi doka a kansa a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan ofisoshin akanta kuwa nawa ne suka tara mutum 25?

Kada kuma a ce mana yaran zamani ne ba su son wahala. Ɗan Toranke da ya tashi da fartanya a hannu ba shi za a koya wa wahala ba. Amma manomi ko a tsakiyar noman farko yana da ranar kasuwa, yana da dare. Jiki ba ƙarfe ba ne. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fid da sakamakon bincikensu, suka ce a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Suka ce mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jiki gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. To, ku ƙirga da kanku. Wanda ya shiga ofis ƙarfe 8 na safe ya fita 6 na yamma, kwana bakwai a jere, awa 70 ya yi. Ga zafin bazarar Kano, ga rashin wuta, ga ƙarar janareto. A 2025 ma azumi ya cinye watan Maris kusan duka, watau daidai lokacin da aikin ya fi tsanani. A ƙasar Indiya, a 2024, wata yarinya akanta 'yar shekara 26 ta rasu a birnin Pune bayan wata huɗu da kama aiki a EY, ɗaya daga manyan kamfanonin akanta huɗu na duniya. Mahaifiyarta ta rubuta wa shugaban kamfanin takarda ta ɗora laifin a kan yawan aiki, kamfanin bai yarda ba, amma magana ta yi girma har Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar ta ce za ta bincika. Can an sami uwa mai alƙalami. A nan in yaro ya faɗi, sai a sa shi a mota a kawo shi gida, a ce jinya ya zo, wani ya hau kujerarsa ran Litinin.

Yanzu kuma sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa 'yan kasuwa, gama ba za mu yi muku kara ba. Kuna da hannu a ciki. Mai hatsi a Dawanau, mai atamfa a Kwari, mai kayan masarufi a Singa, dillalin shanu a Wudil, da yawanku shekara guda cur ba ku rubuta kome, sai saura kwana biyar wa'adi ya cika ku kinkimo buhu cike da rasidai, wasu ɓera ya ci, wasu manja ya ɓata, ku zube a gaban akawu ku ce gobe kuke so. Wa zai yi? Ɗan maƙwabcinku ne zai kwana a kai. Ku kuma sani wannan ba taimakon kanku kuke yi ba. Idon da ya kwana uku bai runtsa ba shi ne ke ganin 7 ya rubuta 1, shi ne ke manta rasidin da zai rage muku haraji. In kuskure ya fito ba mai ofis za a ci tara ba, ku za a ci. In kuwa an makara, sabuwar doka ta yanka Naira 100,000 a watan farko, da Naira 50,000 a kowane wata bayansa. Littafi na 'yan nairori da biro guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace yamma kafin a rufe rumfa, a kai wa akawu ƙarshen kowane wata, wannan kaɗai zai mayar wa yara da yawa Lahadinsu. Shugabannin kasuwa da ke iya tara mutane a kan kuɗin shara da na gadi, ai suna iya tara su a kan wannan.

Amma babban nauyi yana wuyan masu ofis da masu mulki. Ba mu ce kada a taɓa yin aikin Asabar ba. Duk mai sana'a ya san akwai ranar da aiki ke cin mutum, ko maɗinki daren Salla ba ya barci. Sai dai maɗinki kuɗin ɗinkinsa a aljihunsa yake kwana. Abin da muke cewa shi ne wanda ya ci ranar hutun yaro ya biya shi, ko ya rama masa cikin kwana 14 kamar yadda doka ta ce, a kuma rubuta haka a takardar ɗaukar aiki tun ranar farko, ba a bar shi ga kirkin maigida ba. Wanda ya san aiki yana yi masa yawa daga Janairu zuwa Yuni ya ɗauki ƙarin hannu na wata shida, ga masu takardar shaida nan birjik suna zaune a gindin bishiya a Gaya da Ajingi ba aikin yi. Ƙungiyoyin akantoci kuma, ICAN da aka kafa a 1965 da ANAN da ta biyo baya, su ke ba mutum izinin buɗe ofis, su ke da ikon karɓewa. Suna da ƙa'ida a kan yadda za a riƙe kuɗin mai kawo aiki. Me ya hana su kafa ƙa'ida mai haƙora a kan yadda za a riƙe yaron da ke yin aikin?

Wakilanmu na Majalisar Tarayya kuwa, waɗanda suka zo Toranke da Balare da Kunkurawa suna neman ƙuri'a, ga aiki nan ƙarami wanda ba ya bukatar kwangila: a gyara sashe na 91, hutun mako ya hau kan duk mai karɓar albashi, kowane suna aka laƙaba masa. Kafin nan muna kira ga akawunan da kansu. Kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya yi aiki, da sa'ar shiga, da sa'ar fita, kuna yi wa wasu lissafi ku yi wa kanku. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana nan Kano, Kotun Ma'aikata ma tana da zama a Kano, amma ba mai sauraron ƙarar da ba ta da kwanan wata. Kada kuma mutum ya tafi shi kaɗai, gama yaro guda korarsa ba wuya, amma ofis duka ba a korarsa ana saura mako biyu 31 ga Maris.