Ra'ayinmu: Ta idon wa muke kallon Truman?

A shekarar 1998 aka saki fim ɗin The Truman Show, wanda Andrew Niccol ya rubuta, Peter Weir ya ba da umarni. Shekara guda bayan nan aka fara shirin Big Brother a ƙasar Holan, shirin da reshensa na Najeriya ke tara 'yan kallo har gobe. Shi ya sa ake yawan yaba wa fim ɗin da hangen nesa. Mu kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne inda Weir ya zaunar da ɗan kallo.

Truman Burbank, wanda Jim Carrey ya fito a matsayinsa, tun ranar haihuwarsa ake nuna rayuwarsa dare da rana a talabijin, shi kaɗai ne bai sani ba. Garinsu Seahaven katafaren dandalin shirya fim ne mai kyamarori 5,000. Matarsa Meryl da amininsa Marlon duk 'yan wasa ne, aiki suke yi.

Weir bai ɓoye mana wannan ba. Da Christof, mai shirin, ake buɗe fim ɗin, yana tallar hajarsa. Daga nan hotuna da yawa ta kyamarorin ɓoye suke zuwa, gefensu da duhu, wani daga cikin rediyon mota, wani daga bayan madubin banɗaki. Duk sanda muka tausaya wa Truman, ta kafar da aka huda don leƙensa muke tausaya masa.

Akwai masu ganin an yi asara a nan. Sun ce da an bar mu cikin duhu tare da Truman, da faɗowar fitila daga sama da sake bayyanar mahaifinsa, wanda aka ce ya nitse a teku, sun fi girgiza mu. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai da an bi wannan hanya, da fim ɗin ya koma labarin makirci kawai, ɗan kallo ya zama abokin wanda aka zalunta, hannunsa fes.

Sukar da ta fi nauyi a wurinmu daban ce. 'Yan kallon da ake nunawa a cikin fim ɗin, mutumin da ke kwance a bahon wanka, tsofaffin mata biyu, ma'aikatan mashaya, duk an fito da su mutanen kirki masu yi wa Truman fatan tsira. Shekara 30 suna cin moriyar ɗaurinsa, amma laifin kacokan aka ɗora wa Christof. Sai a daƙiƙun ƙarshe, da masu gadi biyu suka shiga neman wani shirin, aka ɗan yi musu zambo. Ƙari a kan haka, Truman bai taɓa amincewa a nuna shi ba, alhali masu shiga shirye-shirye irin su Big Brother yau rububi suke yi.

Hukuncinmu shi ne, Weir ya yi daidai da ya sa mu a bayan kyamarar Christof tun daga farko, domin zambon fim ɗin a nan ya dogara. Inda ya gaza shi ne sassaucin da ya yi wa 'yan kallo, waɗanda da sun kashe talabijin da shirin bai kai shekara ba.